Yadda muka bi sawun matsalar wuta a tirelar da nake ja

Tirelar da nake ja DAF ce, ta wani Alhaji a nan Daura, 'yar Beljiyam kamar yawancin waɗanda ke kan titunanmu. Aikinta dabbobi da hatsi. In an yi lodin shanu a kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi sai mu nufi kudu, in kuma kaka ta yi mu kwashi gero da wake mu bi ta Kazaure da Dambatta mu sauke a Dawanau. Inji lafiya lau, giya ma haka. Abin da ya fara canzawa da sanyin bana ya shigo shi ne yadda take tashi da asuba.

Direban da ya daɗe da mota ɗaya ya san tashinta ko idonsa a rufe. A da, ina murɗa makulli take kamawa. Sai ta koma kik, wato na'urar da ke tayar da inji, yana juya injin da nauyi, ya yi gurr, ya ɗan tsaya kamar zai fasa, sannan ta kama. Da rana in ta yi zafi ba ta yin haka. Yaron motata ya ce, "Oga, sanyi ne kawai." Yana da gaskiyarsa, don hunturu yana sa baƙin mai ya yi kauri, ƙarfin batir kuma ya ragu. To amma bara ma ta sha wannan sanyin, ba ta yi ba. Kuma abin da na daɗe da sani shi ne, ba sanyi ke kashe batir a ƙasarmu ba. Zafin bazara ne, watan Afrilu da Mayu da ake haura digiri 40, shi ke ƙafar da ruwan cikinsa ya cinye shi a hankali. Disamba tona asiri kawai take yi.

Bayan wannan sai fitilu. Da dare in na tsaya a shinge, injin yana salo, wato yana aiki ban taka totur ba, sai hasken gaba ya yi ja-ja kamar zai ɗauke, da na taka totur sai ya washe. Hon ma ya dishe. Wani direba da ya biyo ni a baya daga Kano ya same ni a wurin shan shayi a Dambatta, ya ce, "Malam, duba fitilunka na baya. In ka taka birki da sigina a kunne, duka suke ƙiftawa tare, kuma da ƙyar ake ganinsu." Wannan ita ta fi tsaya mani a rai. Doguwar mota mai nauyin shanu a kan titi da dare, wanda ke bayanka bai san ka tsaya ba, ba abin wasa ba ne. Mun sha ganin ƙananan motoci sun shige ƙarƙashin tirela saboda haka.

Alama ta ƙarshe hanci ne ya ji ta. Bayan doguwar tafiya, in na sauko na bi ta gefen akwatin batir sai in ji wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Na ɗora hannu, ɗaya batirin ya fi ɗayan ɗumi sosai.

Da na kai wa Alhaji maganar, nan take ya ce a sayo batir biyu sababbi a huta. Na ce, "Ranka ya daɗe, a bari a auna tukuna. In batir ne za a saya, amma gara mu san abin da ya ci na yanzu." Ya yarda. Da muka sauke kaya na bi ta Mashi na shiga Katsina, wurin wani dattijo mai wayarin da manyan motoci kawai yake yi, a wani gareji da ke bayan gari.

Bai taɓa motar ba sai da ya zaunar da ni a kan benci ya yi mani tambayoyi. Yaushe ta fara, da sanyi ko da zafi, in na murɗa makulli fitilun dashbod suna dushewa ko suna nan da haskensu, an taɓa yi mata walda kwanan nan, wa ya ja ta kafin ni. Da ya zo kan ƙarar kik sai ya ɗan daɗe, don ya ce rabin aikinsa a nan yake. In ka murɗa ka ji tak-tak-tak da sauri, wuta ce ba ta isa ba, ko daga batir ko daga waya. In ka ji ƙas sau ɗaya, fitilun dashbod suka ɗauke, nan ma batir ko kan batir za ka fara dubawa. Amma in ta yi ƙas ɗin nan fitilu suna nan garau, to wuta tana nan, kik ne bai karɓa ba. In kuwa shiru kake ji gaba ɗaya ga haske a dashbod, sai a koma wajen makulli da fiyus da rile. Akwai kuma wanda kik zai yi ta juyawa fiii shi kaɗai bai kama injin ba, wannan haƙoransa ne ba su shiga na fulawil, wato faifan da ke juya inji, ba, babu ruwan batir a ciki. Tawa, ya ce, tana juyawa amma da nauyi, saboda haka wuta tana zuwa, sai dai wani wuri yana rage ta a hanya.

Sannan ya ce a buɗe akwatin batir. Yaronsa na ƙoƙarin leƙawa, wani mai jiran aiki ya matso da taba a hannu, dattijon ya daka masa tsawa ya koma baya. Batirin da ke tafasa yana fitar da iska mai kama wuta, tartsatsi kaɗan ya isa ya fashe a fuskar mutum, ga asid a ciki.

Abin da ido ya fara gani bai da daɗi. Ƙarfen da ke danne batiran ya karye gefe ɗaya, suna rawa a ciki duk ramin da muka faɗa. Kawunan sun yi farin gari mai ɗan kore-kore. Amma shi ba nan ya tsaya ba. Ya sa yatsa ya ɗago wata siririyar jar waya da aka ɗaura a kan gadar da ta haɗa batiran biyu, ya bi ta da ido har inda ta shige cikin kan motar.

"Direba, wannan ina ta nufa?"

Na ce, "Baba, rediyo ce da fanka da wurin cajin waya. Haka na karɓi motar."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauko mitar auna wuta. Manyan motoci irin su DAF da MAN da Howo da volt 24 suke aiki, wato batir biyu masu volt 12 aka jera, wutar wannan ta bi ta cikin wancan. Rediyo da fankar da ake saye a kasuwa kuwa yawanci na ƙananan motoci ne, volt 12 suke so. Sai a ga ai abin da sauƙi, a ja waya daga batir ɗaya. Ya auna kowanne shi kaɗai, injin a kashe, bayan motar ta huce. Ɗaya ya nuna 12.7, ɗayan 11.8. Cikakken batir mai lafiya yana zama wajen 12.6 ko 12.7, in ya sauko 12.2 ya kai rabi, wanda ke ƙasa da 12 kuwa ya kusa zama fanko.

Ni da na ji wari, na ɗauka mai warin ne mai 11.8. Ashe akasin haka ne. Ya ce in duba da kaina, mai ɗumin shi ne mai 12.7. Ya ce, "Kamar shanun huɗa ne a karkiya ɗaya. Ana tatsar ƙarfin ɗaya kullum, mai garma kuma bulala ɗaya yake yi masu su biyu." Altaneta, wato na'urar da ke cajin batir in inji yana aiki, ba ta ganin batir ɗaya-ɗaya, jimla take gani, tana ƙoƙarin kai su wajen volt 28. Wanda rediyo da fanka ke sha kullum ba ya cika, ɗan'uwansa kuma yana karɓar fiye da ƙima har ruwansa ya riƙa tafasa. Da aka buɗe marafan, ruwan mai warin ya ja baya har farantan ciki sun fito. Ɗaya yunwa ta kashe shi, ɗaya ƙoshi.

Na tsaya ina tunanin motoci nawa ne a tashar Daura kaɗai ke da irin wannan jar wayar. Kusan duk wanda na sani yana da fanka a cikin motarsa, zafin nan ba ya barin mutum. Kuma na'urar da ke rage volt 24 zuwa 12 ana sayar da ita, kuɗinta bai kai kusa da na batir ɗaya ba.

Daga nan ya ce in hau in tayar da ita, shi yana riƙe da mita a kan batiran biyu. Da kik ya ja, lambar ta faɗi har ƙasa da 18. Ya ce bai kamata ta sauka ƙasa da wajen 19 ba. Na ɗauka magana ta ƙare, batir ne. Sai ya canza wurin allurorin mitar, ya ɗora ɗaya a kan batir wajen baƙar waya, ɗayar a jikin ƙarfen inji, ya ce in sake. Wannan awon ban taɓa ganin an yi shi ba, kuma shi ne ya fi burge ni a duk ranar. A mota, ƙarfen jikinta shi ne hanyar da wuta ke bi ta koma batir. In hanyar a buɗe take, mita ba za ta nuna komai ba sai ɗan abin da bai kai rabin volt ba. Tawa ta nuna kusan volt 2. Wato kafin ma a zo maganar raunin batir, wannan ƙarfin yana ɓacewa a hanya duk lokacin da na murɗa makulli.

Ya kama hannuna ya ɗora a inda kaurarar baƙar wayar ke ɗaure a jikin shasi. Wurin da zafi, daga tayarwa biyu kawai. Ya ce, "Duk inda ka ji zafi a mahaɗar waya, nan wuta ke wahala. Ba sai kana da mita ba." Da aka kwance notin, tsatsa ce da ƙura suka cika tsakanin wayar da ƙarfen, ga notin ma ya saki. Yaron dattijon ya goge wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, aka wanke kawunan batir da ruwan zafi da ɗan kanwa, farin garin nan ya yi kumfa ya tafi, aka ɗaure komai tam aka shafa giris a sama. Ko da tsofaffin batiran, da na sake murɗawa sai da na ji bambanci.

Saura caji. Ya ce kafin in tayar in duba alamar batir a dashbod: dole ta kama in an buɗe makulli, ta ɗauke in inji ya tashi. In ba ta kama ba tun farko, wannan ma alama ce, don a motoci da yawa ta wannan layin altaneta ke samun wutar da za ta fara aiki. Tawa tana yin daidai. Da inji ya tashi aka kunna fitilu duka da fanka, mita ta tsaya wajen 26, sai na taka totur sannan ta haura 27. Ya ce mai lafiya tana zama kusa da 28, ko a salo bai kamata ta yi nisa da nan ba, in kuma ta doshi 30 to ita ma cuta ce, tana dafa batir tana ƙone ƙwayayen fitila.

A nan ne yaron motata ya ce, "Baba, a cire kan batir mana, in ta mutu mun san altaneta ce." Dattijon ya ce kul. Ya ce wannan gwajin zamanin tsofaffin Marsandi 911 ne da ba su da komai sai ƙarfe. Wannan tana da kwamfutar da ke sarrafa inji, in ka zare batir tana aiki wuta za ta yi tsalle, kafin ka mayar ka ƙone abin da kuɗinsa ya ninka na altaneta.

Da aka kashe inji aka ɗaga kan motar, ya shafa fanbel, cikinsa ya yi sulɓi yana ƙyalli, ga tsage-tsage. Sai na tuna ɗan kukan tsiii da take yi da safe na ɗan lokaci, wanda na saba da shi har na daina jinsa a matsayin wani abu. Santsi yake yi, ba ya juya altaneta yadda ya kamata. An sa sabo. Ya kuma zaro ɗan akwatin da ke bayan altanetar ya nuna mani kabon, wato 'yan sandunan da ke goga suna kai wuta cikinta, ya ce sun ci amma da sauransu. Da aka sake aunawa, 28.1 da fitilu a kunne.

Gwajin ko motar tana zubar da wuta in an kashe ta bai ɗauki lokaci ba. Ya cire baƙar waya ya ratsa mita a tsakani, tunda an riga an yanke jar wayar rediyo babu abin da ya rage sai ɗan abin da agogo da kwamfuta ke sha.

Inda hankalina ya tashi shi ne akwatin fiyus. Ya buɗe yana bi ɗaya bayan ɗaya, yana nuna wa yaronsa launi: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Sai ga wani rami da babu fiyus a ciki, an murɗa zaren tagulla an cusa, robar gefen ta narke ta yi baƙi. Layin fitilun bodi ne. Ya dube ni ya ce, "Fiyus in ya yi ta tsinkewa magana yake yi maka. Wanda ya sa wannan toshe masa baki ya yi." Aikin fiyus shi ne ya ƙone kafin waya ta ƙone. In ka maye gurbinsa da tagulla ko takardar kwalin taba, ko ka sa mai 30 a wurin mai 10, ranar da waya ta taɓa ƙarfe ita ce za ta yi ja, kuma tana tafe ne a cikin dami ɗaya da sauran wayoyi, a ƙarƙashin dashbod, kusa da katifar da nake kwana a kai. Na tuna dararen da na kwana a cikin motar nan a gefen hanya, yarona a ƙasa, shanun mutane a baya.

Muka shiga ƙarƙashin bodi da tocila, ni da shi da yaronsa, muna bin wayar taku-taku. Nan ne na ga abin da sana'armu ke yi wa mota. A tsakiya, inda buhunan hatsi ke zubar da tsaba, ɓeraye sun gaigaye rigar wayar, tagulla a waje tana gugar ƙarfe duk lokacin da mota ta girgiza. Abin da ya riƙa tsinke fiyus ke nan. Can baya kuma, inda fitsarin shanu ke gangarowa, mahaɗun duk sun yi kore, kana taɓawa suna marmashewa. An yanke duk wurin da ya lalace aka sa sabuwar waya mai kauri daidai da ta asali, aka narka dalma a mahaɗun maimakon murɗawa da hannu a naɗe da salatif.

Maganar fitilu masu ƙiftawa tare kuwa, a soket ɗin da ke haɗa kai da bodi aka same ta. Ƙafafu bakwai gare shi, ɗaya daga ciki aikinta mayar da wuta ne, kuma wayarta ta tsinke a ciki. Wutar fitilun baya sai ta riƙa neman hanyar komawa ta farantin da bodi ke hawa, wanda giris ya lulluɓe, in ba ta samu ba ta bi ta cikin ƙwan wata fitilar. Shi ya sa birki ke kunna sigina, sigina ke rage hasken birki. Ya ce duk lokacin da na ga fitila ɗaya tana shiga aikin wata, kada in ɓata kuɗi a kan ƙwai, in nemi wannan wayar. Aka ɗaura ta, aka sa jan fiyus mai 10 a raminsa. Na taka birki da sigina a kunne, yarona daga baya ya ɗaga murya ya ce kowacce tana aikinta.

Batiran ya ce a bar su su kwana a kan caji mai sanyi, bayan ya cika mai ƙarancin ruwan da tataccen ruwa, ba asid ba, don ruwan ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan. Washegari ya gwada su da na'urar da ke ɗora masu nauyi. Wanda aka riƙa tatsa ya nuna ya cika, amma ana ɗora masa nauyi ya zube. Ɗayan ya ɗan riƙe. Na tambaya ko za a sayi ɗaya a haɗa da shi. Ya ce a'a, sabo da tsoho ba sa zama a jere, tsohon zai ja sabon ƙasa. Biyu za a saya, iri ɗaya, girma ɗaya, rana ɗaya.

Na kira Alhaji na ce, "Ranka ya daɗe, maganarka ta tabbata, batir biyu za a saya." Ya yi dariya ya ce ai ya faɗa. Na zayyana masa sauran, jar wayar da baƙar wayar da fanbel da tagullar cikin akwatin fiyus, na ce da mun ɗora sababbi a kan wannan, hanyar da tsofaffin suka bi za su bi. Da na zo kan tagullar ya yi shiru, sannan ya ce in ba shi mai wayarin. Na ji yana ce masa, "Malam, ɗaya motar tawa ma tana hanya daga Funtuwa, in ta dawo za a kawo maka ita ka buɗe akwatin nan."

Kafin a ɗora sababbin sai da aka kira mai walda ya gyara ƙarfen da ke danne su, kuma dattijon ya tsaya a kansa, ya tabbatar babu batir a jikin motar, ya sa ya maƙala wayar injin waldarsa dab da inda yake aiki don kada wuta ta zaga ta cikin kwamfuta. Wajen ɗaurawa jar waya aka fara sawa, baƙar daga ƙarshe, ya ce wajen cirewa kuma baƙar ce farko, saboda in sifana ta taɓa ƙarfe kada ta yi tartsatsi. Rediyo da fanka aka mayar da su kan na'urar rage wuta da fiyus ɗinta daban.

Na sayi ƙaramar mita a wani shago kusa da garejin, ya nuna wa yarona inda ake murɗa ta da yadda ake auna kowane batir shi kaɗai, ya ce in bambancinsu ya fara wuce ɗigo biyu ko uku, wato volt 0.2 ko 0.3, a dawo. Abu biyu ya bar mana bashi: kabon na altaneta, da zura wayoyin ƙarƙashin bodi cikin tiyo saboda ɓera da fitsari. Mun yi da shi za a yi su kafin hada-hadar ragunan layya ta kankama, lokacin da mota ba ta samun kwana ɗaya a tsaye.